Rigimar Cikin Jinin Gwaggona

Jiya a keke, hanyar Sabon Tasha, na ga wata tsohuwa tana fama da murfin gorar ruwa, yatsunta duk sun lanƙwashe. Sai na tuna da gwaggona.

Kullum da safe nakan jiƙa mata hannuwa a ruwan ɗumi, ɗakin yana warin man zafi, kafin ta iya riƙe cokali. Ko a hankali na kama ta, sai wurin ya yi baƙi.

A asibiti likita ya ce, "Mama, sojojin jininki masu yaƙar cuta ne suka juya kan gaɓoɓinki. Har ƙwayoyin da ke tsayar da jini suna cinyewa."

Ta daɗe tana kallon hannuwanta. Ita ce mai sulhu a zumuntar mata, duk wadda ta yi faɗa wurinta take zuwa.

"Ashe rigimar cikin gida ce," ta ce da ni. "Wannan kam ba zan iya rabawa ba, 'yata. Na gaji. Gyara min ɗankwali mu tafi."

Ubangiji ya ba ta hutun da ba ta samu a nan ba. Amin.