Ginshiƙin da ba na kowa ba

Wata rana Mama Damaris ta dafa ginshiƙin tsakiyar majami'ar garinsu, sai yatsanta ya nutse cikin itacen kamar a malmalar tuwo.

Gara ta cinye cikinsa.

Majami'ar ta ƙasa ce, kakanni suka gina tun bakinsu ɗaya. Da jikoki suka rabe ɗariƙa biyu, ba wanda ya yarda ya fita. Sai aka yi rabo: waɗannan su yi sujada da safe, waɗancan da yamma. Bangon dama na 'yan safe, na hagu na 'yan yamma.

Duk shekara gasar yaɓe ake yi. Bango ya yi ta ƙiba, har an ce in ka yi sallama ta taga, sai gobe a amsa maka.

Ginshiƙi kuwa, da yake a tsakiya yake, maraya ne.

Mama Damaris ta sami Dattijo Barnaba, shugaban 'yan safe, da maganar ginshiƙin. Ya ce za a sa shi a addu'a.

Ta sami Dattijo Istifanus na 'yan yamma. Ya ce za a kafa kwamiti.

Ga damina a bakin ƙofa.

Ita kuwa cikin 'yan safe aka haife ta, cikin 'yan yamma ta yi aure, ba ɓangaren da ba ta goya musu yaro ba. Ta ce majami'ar nan ba za ta rushe tana kallo ba.

Ran Lahadi ta shimfiɗa tabarma a gindin ginshiƙin, daidai ƙarƙashin tsagewar rufi, ta miƙe ƙafa. Aka yi sujadar safe, aka shiga ta yamma, tana nan. Ƙasa na zubo mata a ɗankwali. Mai wa'azi na ta zuba, idon kowa na sama.

Dattawan biyu suka zo suka durƙusa, karon farko kafaɗa da kafaɗa.

Barnaba ya ce, "Mama, ki yi wa Allah ki tashi. Abin nan zai faɗo miki."

Ta ce, "Ai a tsakiya nake, ɗana, ni ma ba ta kowa ba ce. In ya faɗo ku raba gawar: ku ɗauki dama, su Istifanus su ɗauki hagu."

Kafin wata Lahadin, sai ga 'yan safe ɗauke da sabon ginshiƙi.

Sai ga 'yan yamma da nasu. Ya ɗan fi kauri, ba sai an faɗa ba.

Mama ta naɗe tabarmarta ta ce, "Ku kafa duka."

Yau ginshiƙai biyu ne a tsakiyar majami'ar, manne da juna. Har gobe ana gardamar wanne ne ke riƙe da rufin. Rufin dai yana sama.

Darasi: Gara ba ta tambayar ɗariƙarka. Abin da kuka bari don "ba nawa ba ne", shi ke riƙe da rufin da ke kanku.

Tura wa wanda kuke zaune ƙarƙashin rufi ɗaya, ko da ba kwa gaisawa.