Malama Hadiyya Mai Rariya

Da hantsi za ka same ta a ɗan shagonta na bayan kasuwar Daura, tabarau a karan hanci, kwamfuta a gaba, shayi ya huce ba ta sha ba. Malama Hadiyya Suhaibu ke nan. Shekara da shekaru tana karanta rubutun da ake gina manhajar waya da shi, tun kafin a kunna manhajar, don ta gano inda wani sashe ke kiran wani ya yi aikin da babu mai buƙatarsa. Ta ce kamar a aiki mutum kasuwa sayen gishiri ne alhali gishirin na cikin kwano. Har ta ƙera manhajar da ke taya ta wannan tankaɗe, ta raɗa mata suna Rariya.

Wani zai ce ina ruwan talaka da wannan. To, ya tambayi Inna Laraba, ungozoma a wani ƙauye gaba da Zango, dab da iyaka. An raba wa ungozomomi wayoyi masu manhajar kiran mota idan naƙuda ta yi gardama. Laraba ta zo ta dire tata a gaban Malama.

"'Yar nan, kafin azahar wayar ta mutu. Mu ba wuta gare mu ba, caji sai ranar kasuwa. Ga Adama ta ƙauyenmu cikinta ya tsufa, kuma wancan karon da ƙyar ta sha."

Malama ta zuba rubutun manhajar a Rariya. Ashe duk sa'ad da waya ta sauya layi, sai manhajar ta tashi tambayar inda take, ta kuma watsar da amsar. Waɗanda suka rubuta ta a birni suka gwada ta, inda layi ba ya motsi. A bakin iyaka kuwa waya yini take tana tsalle tsakanin sabis ɗin Najeriya da na Nijar, batir na zuba a banza. Malama ta cire wannan tambayar ta banza daga wayar Laraba, ta aika wa masu manhajar gyaran, ba ta ce a sa sunanta ba.

Ana gobe kasuwa jini ya ɓalle wa Adama. Wayar Laraba na da sauran caji, mota ta zo.

Ke ce mai gani tun ba a kunna ba, Malama. Wallahi har yau ina mamakin aikinki: ragewa kike yi, in ya yi kyau babu wanda zai ga kin taɓa komai. Yanzu da idanu suka gaji kin miƙa Rariya ga ɗalibanki, mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu rubuta manhaja, ku koyi tankaɗe kafin ku miƙa wa jama'a.

Adama ba ta san an yi wata Hadiyya a duniya ba. Na dai gan ta rannan a kasuwar Zango, goye da ɗanta, tana cinikin gyaɗa.