Bato Rage-Hanya da Mota Mai Kujera Biyu

Sunan da ke kan lasinsa Bartholomew Choji ne, amma a cikin masu jin Hausa na Manchester in ka tambayi Bartholomew sai a yi ta kallon juna. Ce Bato Rage-Hanya, nan take za a kwatanta maka benen da yake zaune a Hulme. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, mai dariya ƙasa-ƙasa, kuma duk tsawonsa bakinsa bai iya furta "a'a" ba. Aikinsa tuƙin bas mai hawa biyu, ya bi ta Rusholme ya dawo, ya kwashi ɗalibai ya zube, daga Litinin har ƙarshen mako. Ranar Lahadi da ya kamata ya huta, sai ya sake zama direba, wannan karon ba ko sisi.

Motarsa mai kujera bakwai ce, kuma majami'arsu ta ɗauke ta tamkar tata. Ita ke ɗauko tulunan kiɗan zumuntar mata da kulolin shinkafa, ita ke mayar da mutane gida bayan sujada. Da farko mutum ɗaya ne ya ce, "Bato, rage mini hanya mana." Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka rage bas-bas ɗin Lahadi a unguwannin gefen gari, sai ragin hanya ya zama kai wa har ƙofar gida. Bato bai taɓa ƙorafi ba. Gaskiya ma yana jin daɗin a riƙa kiran sunansa a bakin majami'a daga nan da can.

A Bukuru aka haife shi, kuma a Fijo 504 ta kawunsa ya koyi tuƙi, kan hanyar Jos zuwa Akwanga. Kawun nan shi ya cusa masa aƙidar da bai rabu da ita ba, cewa mota iri biyu ce, mai ja da mai turi. Mai ja, tayoyin gaba ke yin wahalar duka, su ja mota kuma su juya ta. Mai turi kuwa ƙarfin injin yana zuwa tayoyin baya ne, na gaba aikinsu nuna hanya kawai. "Mai turi da ƙugu ake jin ta, ba da hannu ba," in ji kawu, yana faɗa suna gangara kwanonin Hawan Kibo. Da Bato ya zo Ingila ya tarar kusan duk motar iyali mai ja ce. In abokan aiki suka ce ai bas ɗinsa ma daga baya take turi, sai ya ce bas ba mota ba ce, gida ne aka sa wa taya.

Da haka zai tsufa da 'yarsa Rebecca ba ta tsokano tsuliyar dodo ba. Da ya cika shekara hamsin, ita da ƙanenta suka biya masa yini guda a wani filin tsere, inda ake ba mutum hular kwano da mota a ce ya taka. A kwana ta farko ya ji bayan motar ya ɗan zame ya kama, ya ji turin nan a ƙugunsa, sai ga shi yana ihu shi kaɗai a cikin hula da harshen Berom. Ya dawo gida ya kasa cin abinci don surutu.

Matarsa Catherine, ma'aikaciyar jinya ce wadda ba ta ɓata magana, ta dube shi ta ce, "Baban Rebecca, tsufa ya zo maka da gardama."

"Ai ba gudu nake so ba," ya ce. "Mota nake so da zan je shago da ita ranar Juma'a, in kai ta track, filin tseren nan, ranar Asabar."

"To saya mana. Yara sun tafi uni, wa kake jira?"

Ba izininta ne matsalar ba. Benensu gurbin mota ɗaya aka ba kowane gida, titin kuma ba wurin ajiyewa. In sabuwa ta shigo, dole babbar ta fita. In kuwa babbar ta fita, mutum shida za su tsaya a bakin majami'a suna kallon titi, sunan da ya yi shekaru yana ginawa ya koma Bato mai son kai. Wannan shi ne abin da ya tokare masa wuya wata da watanni.

Amma dai bai fasa dubawa ba. Lokacin hutun aiki abokansa na shan shayi, shi yana kan waya yana karanta tallan motocin hannu. Ya je ya gwada wata ƙaramar Mazda mai buɗaɗɗen sama, ya tafi da hular kwanonsa a jaka, domin a filin tsere sai da ita. Da ya zauna ya ɗora hular aka rufe saman, sai da ya karkatar da wuya kamar mai leƙen taga. Mai motar ya ce a hakan ma ana tuƙi. Bato ya yi masa godiya ya fito da ƙyar.

Sai labari ya zo daga Birmingham. Wani Sanda, ɗan Zariya da ya zo karatu yake bincikensa a jami'a, yana da Nissan mai kujera biyu. Matarsa Rahmatu ta haifi tagwaye, yana neman wanda zai yi musaya da shi da babbar mota. Maƙwabcinsa kuma yana sayar da BMW mai ƙofa biyu da kujerun baya. Duka biyun masu turi ne. Bato ya sa ranar tafiya, kuma da yake ba a ɓoye tafiya a majami'a, Mama Scholastica ta ji. Ita ce babba a zumuntar mata, gwiwoyinta sun gaji amma bakinta na nan garau, kuma tana da 'ya a Birmingham.

"Ɗana, tunda can za ka, ai sai ka rage mini hanya," ta ce.

Haka Bato ya tafi sayen motar da za ta hana shi ɗaukar mutane, da fasinja a gefensa.

Sanda ya tarbe su a Balsall Heath, aka gaisa gaisuwar gida mai tsawo, aka tambayi Jos aka tambayi Zariya, Rahmatu ta kawo wa Mama kujera da zoɓo a bakin ƙofa. Bato ya fara da taɓa murfin injin Nissan ɗin, ya ji shi da sanyi, ya ji daɗi, don mai ɓoye cuta shi ke ɗumama mota kafin mai saye ya iso. Ya tsuguna ya shafa tayoyin baya ya ga ko sun cinye ta gefe ɗaya. Ya shimfiɗa kwali ya kwanta yana haska ƙarƙashinta, domin gishirin da ake zuba wa titi lokacin sanyi daga ƙasa yake cin mota. Ya duba mai, ya duba birki, ya sa Sanda ya tayar da ita shi kuma ya tsaya ta wajen salansa yana kallon launin hayaƙi.

"Yallaɓai, ka taɓa yin bakanike ne?" Sanda ya tambaya.

"A'a. Na taɓa zama yaron kawuna, ya fi haka wuya. Ka taɓa kai ta track?"

"Sau da dama, ba zan ɓoye maka ba. Amma duk lokacin da na dawo sai na canja mata mai. Wallahi ba don tagwayen nan ba, ko da wasa ba zan rabu da ita ba. Car seat biyu na jarirai ba sa shiga inda babu seat."

Suka fita da ita zagaye. A shataletalen farko Bato ya ɗan taɓa totur, ta tura shi daga baya, ya ji abin nan a ƙugu. Ya dawo ya ajiye ta a hankali. Daga nan suka gwada ta maƙwabcin, ita ma lafiyayyar mota ce, mai taushi a titi, ba abin kushewa. Bato ya tsaya yana leƙa kujerunta na baya yana lissafin mutane a zuci, ya ga aƙalla zai iya ɗaukar uku. Ya ce wa kansa wannan ita ce zaɓin mai hankali, amma fuskarsa ta yi kamar ta wanda aka ba magani mai ɗaci.

Mama Scholastica ta taso da sandarta ta leƙa ita ma. Ta ce, "Wa zai shiga can? Margaret ta zumuntarmu, da jikin nan nata? Sai an kira 'yan kwana-kwana su fito da ita. Ɗana, in ka sayi wannan, za ka ɗauki biyu ko uku, sauran su ce ka yi zaɓe, su yi gaba da kai har Kirsimeti. Sayi waccan mai kujera biyu, kowa ya yi fushi daidai da kowa."

Sanda ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Bato ya yi dariya shi ma, amma maganar ta shige shi. Aka yi ciniki irin na gida, albarka ta yi ta kai-komo, daga ƙarshe aka sallama, Bato ya bar wa Sanda babbar motarsa ya karɓi makullin Nissan ɗin. Sai da aka zo komawa Manchester da yamma Mama ta gane abin da bakinta ya jawo mata. Shiga motar sai da ta yi kamar mai zama a tabarma, fita kuwa sai da Bato ya kama hannayenta biyu. Ta ce ita dai ba ta ga mota ba, ta ga kwale-kwale.

Asabar ta farko Bato ya kai motar filin tsere. An yi yayyafi da safe, malamin filin ya ce a bi a hankali. Bato, mai shekaru yana tuƙa bas ba ko ƙwarzane, ya ɗauka ba da shi ake ba. A wata kwana ya taka totur da wuri, bayan motar ya wuce gabanta, ya tsinci kansa a kan ciyawa yana fuskantar inda ya fito. Ba abin da ya same shi ko motar sai kunya. Ya koma ya saurari malamin kamar sabon ɗalibi, kuma kafin a tashi ya fara kama hannun abin. Rabonsa da farin ciki irin wannan tun yana saurayi.

Lahadi ce ya ji wa tsoro. Ya riga ya shirya a ransa yadda zai yi sawu-sawu, ya kai wannan ya dawo ya ɗauki wancan, ko da zai kai magariba. Ya shirya kalmomin ban haƙuri ma. Catherine ta riga shi tafiya da ƙafa don gwajin waƙa, shi kuma ya je ya ɗauko Mama, ya ajiye motar can gefe, ya zauna a bayan majami'a bai ji rabin wa'azin ba.

Da aka tashi, matasa suka kewaye motar suna ɗaukar hoto. Bato ya tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu yana jiran wanda zai fara yi masa ƙorafi. Sai ga Alfred, wani ɗan'uwa a ikilisiya da kowa ya sani da zuwa a ƙasa, ya ɓullo daga kwana da doguwar mota wankakkiya. Ashe duk shekarun nan yana da ita, a bayan layi yake ɓoye ta, tunda akwai Bato. Tulunan zumunta suka shige but ɗinsa. Ɗan Margaret ya zo ya ɗauki uwarsa da wasu biyu. Mama Scholastica ta dubi motar Alfred mai tudu, ta dubi ta Bato, ta ce, "Ɗana, Allah ya sa albarka, amma gwiwata ta yi magana." Ta hau ta Alfred, suka ɗaga masa hannu suka tafi.

Ba wanda ya yi fushi. Ba ma wanda ya kira sunansa. Bato ya ji nauyi ya sauka daga kansa, ya kuma ji wani ɗan zafi a ƙirji da bai yi tsammani ba, domin ya ɗauka in ba shi tafiyar ba za ta yiwu ba.

Catherine ce ta fito ƙarshe da littafin waƙoƙinta a hammata. Ta buɗe ƙofar motar, ta tattare zanenta, ta zauna a gefensa ta ja bel. Ya tayar da injin, suka hau titi, sai ya lura tana ta kallonsa.

"Lafiya?" ya ce.

"Lafiya lau. Kullum gaba ta manya ce, ni ina can baya da tuluna, ƙeyarka kawai nake gani." Ta kai hannu ta taɓa gefen kansa. "Ashe furfura ta iso har nan."

Bato ya yi ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da ta zauna a gefensa daga majami'a zuwa gida, bai tuna ba. Da suka iso kwanar da ke shiga layinsu bai kunna sigina ba, ya miƙe gaba, ita ma ba ta ce ya wuce gida ba.