Kuɗin Masauki

Shekarar da aka daina fam aka koma naira, ina aiki a ɗakin shan magani na garinmu Gaya, sai aka ce na samu wani tallafin ƙaro ilimi. Aikin shi ne in zaga ƙauyukan Gaya da Ajingi in ji yadda mata suke haihuwa da inda suke dosa idan abu ya yi tsanani, in rubuta wa ma'aikatar lafiya rahoto. Amma ko kwabo ba za a saki ba sai na kai kasafi Kano, na mota da abinci da takarda da masauki, kuma an riga an yanka adadin da ba zan wuce ba.

Ni dai ba a san ni da haƙuri ba. Da hantsi na zauna, kafin azahar na gama, na kai wa Baba zaure ya sa albarka. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana ko da faɗa zai yi. Ina karantawa yana mayar da kowace naira sule goma a hankali, ni kuwa kamar in fizge takardar. Da na zo kan masauki ya ɗaga hannu.

"Uwata, a ƙauyen Balan, wa za ki biya kuɗin kwana? Ƙanen kakarki da ke can?"

Na ce layi ne kawai, kowa cikewa yake yi. Ya ce ba za a rubuta kuɗin da ba za a kashe ba da saninsa. Ya ƙara da cewa ƙafata ba za ta bar Gaya ba sai da Gwaggo, yayarsa. To ina zan samo kuɗin motar mutum biyu?

Na shiga gida ina huci. Gwaggo tana ɓarar gyaɗa, ta bari na zazzage duk abin da ke bakina. Ta ce ita ko a ƙasa ma za ta bi ni, ba yau ta fara tafiya ƙauyuka irin su Gafasa ba. Abin da ya dame ta ɗaya ne.

"Ke 'yar nan, haka za mu riƙa faɗa wa masu jego hannu rabbana?"

Na koma kan takarda. Na soke masauki, na raba kuɗinsa biyu, rabi motar 'yar rakiya, rabi tsaraba, wato sabulu da kanwa da gishiri da goro. Jimla ba ta motsa ba.

A Kano jami'in da ke karɓar kasafi ya ce ba su da layin tsaraba, balle na rakiya. Na ce ranka ya daɗe, ƙauye irin Kademi ba otal, ko dai in rubuta muku ƙarya ko ku karɓi wannan, kuma idan ba Gwaggo ba ni. Ya daɗe yana dubana ta saman tabarau. Ya tambayi shekarun Gwaggon, na ce ita ma ba ta sani ba. Ya yi dariya, ya mayar da kalmar masauki da hannunsa, ya jera nawa bayanin a ƙarƙashinta, ya sa hannu.

Da na karanta wa Baba, sai ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Uwata." Ya juya yana gyara buzunsa, wanda ba abin da ya same shi.

Balan muka fara sauka. Gwaggo ta ajiye ƙullin tsaraba, ta shaida wa tsohon, ƙanen kakata, ko ni wace ce da sunan wa nake ɗauke da shi. Ya ƙare wa fuskata kallo. Sannan ya sa aka share ɗakin da kakata, wadda na ci sunanta, ta yi ƙuruciya a ciki, ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa har aka gama shimfiɗa.

"Shigo, Yaya," ya ce.