Ƙahon da Gidaɗo Bai Kafa Ba

A Disina, in bayan mutum ya riƙe, wurin Gidaɗo wanzami ake kai shi. Shekara arba'in yana kafa ƙaho a gindin durumin bakin kasuwa. Ciwon kai ƙaho, kasala ƙaho. An ce har wanda matarsa ta yi yaji ya taɓa kafa wa. Asibiti kuwa, a faɗarsa, wuri ne da ake tambayar sunanka sau uku kafin a taɓa ka.

Sai ga jikarsa Zulaiha, 'yar shekara tara, kwana huɗu tana zazzaɓi da ciwon baya. Ubanta Abdulsamad ne ya goyo ta, don ƙafafun sun yi nauyi, fitsari ma ya ƙi fita.

"Amarya, lalaci ne ko?" in ji Gidaɗo.

"Tsoho, taɓa a hankali."

Ya bi ƙashin bayan da yatsa, gaɓa-gaɓa. Da ya ƙwanƙwasa wani wuri, yarinyar ta ƙwalla ƙara. Ya tambaya ko ta yi maruru, aka ce ta yi a cinya watan jiya. Wanzami ya san mugunya, ya kuma san inda ƙaho ke tsayawa. In aka ƙara kwana, ƙafafun nan sai dai labari.

Ga kuma 'yan majalisar hira ta gindin durumin sun zuba ido.

"Kash," ya ce da ƙarfi, "ƙahon yara a Azare na baro shi. Abdulsamad, nemo mota."

Ba wanda ya taɓa jin akwai ƙahon yara. Ba kuma wanda ya tambaya.

A asibitin Azare aka ɗauki hoton bayan. Likita ta nuna wa Gidaɗo mugunya ta taru can ciki tana danne laka.

"Baba, wa ya ce ku zo yau-yau?"

"Hanya ce ta biyo da mu, 'yata."

Ran nan aka yi aiki aka kwashe mugunyar, aka bi da allurar jijiya ta mako shida. Gidaɗo ya koma gindin durumi ya ce likitocin ba laifi, sun bi shawararsa.

Ranar da Zulaiha ta fara takawa, tana dogara sanda, ba gidan ƙawaye ta nufa ba. Majalisa ta zo.

"Ku tambaye shi," ta ce, "wa ya suma da ganin allura, har aka ba shi gado kusa da nawa?"

Gidaɗo ya ci gaba da wasa askarsa, idonsa na kan ƙafafunta.

"Amarya, na can ƙarshen benci ba su ji ba. Taka ki je ki gaya musu."