Kaya Uku a Jaka Ɗaya

Mun zo Alƙahira a ƙarshen shekarun casa'in, da aka turo Abbanmu aiki ofishin jakadanci. Ba wani babban ma'aikaci ba ne, mai kula da fayil ne, shi ya sa gidan da muka samu yake Hayyin Ashir, hawa na biyar, babu lifta. Mu biyu ne 'ya'yansa, ni da Yayana, kuma duk mun ɗauko tsawonsa. Tsawon nan ne ya kai mu wani kulob a Madinat Nasr, inda aka zube yashi a bayan wurin wanka, aka kafa raga. Babu teku a Alƙahira, amma sunan wasan ƙwallon raga na bakin teku. Mutum biyu ne a kowane ɓangare, kuma babu 'yan canji. In ɗaya ya fita, ɗayan ma wasansa ya ƙare.

Abokiyar wasana Bahaushiyar Sudan ce, daga unguwar Arba wa Nus take zuwa. Gajera ce, ga baki ba linzami, amma ƙwallo ba ta taɓa ƙasa a gabanta. Ita ke ɗagowa, ni ke dukawa. Shekara biyu muka yi a haka, har ta kai ba ma buƙatar magana, yatsu kawai take nuna min ta bayanta.

Abba ya yarda in yi wasan bisa sharaɗi ɗaya: Umma ce za ta ɗinka min kaya. Allah ya saka wa Umma, ta yi iya ƙoƙarinta. Ta sayo yadi mai kauri, shuɗi, don kada rana ta nuna jikina, sannan ta sa masa shafi don kada zufa ta manna shi. Riga mai zif har wuya, wando har idon sawu da roba a ƙasa. Robar nan ita ce bala'in. Duk yashin da ya shiga ta ƙugu a nan yake taruwa, sai in yi ta tsalle kamar na ɗaura buhu biyu a ƙafa. Da zafi ya kama, cinyoyina suka saɓule, bayana ya cika da ƙuraje. Kullum na dawo Umma ta shafa min hoda tana cewa sannu. Ban taɓa jin wani ya ce wa Yaya sannu ba, don babu abin da ya same shi. Gajeren wando mai faɗi yake sawa da singileti, ya karkaɗe yashi da tafi ɗaya ya wuce.

Ina shekara sha bakwai kocinmu, wanda kowa ke kira Kabtin, ya tara mu ya ce za a yi gasa a kulob ɗin, da baƙi daga waje, har alƙalin wasan ma Bature ne. Ya ce 'yan matan da suka yi abin kirki za a ɗauke su cikin ƙungiyar kulob ta dindindin. Abin da muka shekara biyu muna jira ke nan. Sannan ya miƙa wa kowa leda. Ledar Yaya ta cika hannu. Tawa kuwa na ɗauka babu komai a ciki.

A gida Umma ta zazzage ta a kan gado. Rigar mama ce da ɗan kamfai, ja wur, da lamba a jiki. Ta ɗaga kamfan da yatsa biyu, ta auna gefensa, bai wuce yatsunta huɗu ba.

"Ina sauran?" in ji ta.

Na ce ke nan. Ta mayar cikin leda ta ƙulle, ta ce kada Abbanku ya gani.

Ana saura mako ɗaya, kayana shuɗɗa ba su bushe ba, ga atisaye. Na ɗauki tsohon wandon Yaya da singiletinsa, na sa a kan wani siririn wando da riga mai dogon hannu marasa nauyi, na ɗaura ɗankwali. Ban san haka maza ke ji ba. Iska ta shiga, yashi ya zube da kansa, na yi tsalle har na ga saman raga daga sama. Jikina a rufe ruf, kuma babu inda ke min zafi. Ƙawata ta ce, "Ya zola, ke 'yar nan, ashe da can ɗaure ki aka yi!" Na yi dariya, amma raina ya ɓaci. Shekara biyu ina shan wahalar da maganinta ke rataye a bayan ƙofar ɗakin Yaya.

Da kayan a jikina na hau bene, na tarar da Abba a falo. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Wannan ba na Yayanki ba ne?"

"Nasa ne, Abba."

"Na maza ne. Mace ba ta shigar maza. Je ki cire."

Na wuce na cire, ba a rene mu da mayar wa uba magana ba. A kicin na sauke wa Umma. Na ce a makarantar da Abba ya sa mu aka koya mana al'aurar namiji daga cibiya ne zuwa gwiwa, to wandon Yaya rabin cinya yake tsayawa, me ya sa ba a taɓa cewa ya cire ba? Umma ta ci gaba da yanka albasa, ta ce, "Wannan saƙon ba ni zan kai shi ba."

Ran gasa na zuba duka ukun a jaka: shuɗɗan Umma, na Yaya, da ledar Kabtin. Abba ya ɗauki hutu ya zo kallon Yaya, ya zauna a layin gaba da hularsa. Wasanmu ne na fari, da hantsi, rana ta riga ta gasa yashin.

Na fito da shuɗɗan kaya. Alƙalin ya dube ni, ya yi wa Kabtin magana, Kabtin ya fassara: dokar gasa ta ce a sa kayan gasa, kuma 'yan wasa biyu su yi shiga iri ɗaya. Na koma ɗakin sauya kaya, na sa na Yaya, na fito, ban ko kalli inda Abba yake ba. Launinsu ja ne, kusan irin na gasar. Alƙalin ya girgiza kai ya faɗi kalma biyu. Kabtin ya juyo yana sosa ƙeya.

"Ma'alish, ya binti, yi haƙuri 'yata. Ya ce na maza ne."

Wallahi sai da na kusa yin dariya. Baturen nan bai san Abba ba, ba su haɗa addini ba, ba su haɗa yare ba, amma ga shi sun yi baki ɗaya a kaina. An ba mu minti goma.

Ƙawata ta biyo ni ciki. Ita ta riga ta sa nata, tawul kawai ta yafa. Na san ba ta faɗa wa uwarta ba, na kuma san kwana uku ta yi tana gwada shi a banɗaki don ta saba.

"'Yar'uwa, minti arba'in ne kawai," in ji ta. "Wallahi yashi ma ba ya maƙalewa a cikinsa. Kada ki kalli kowa, ki kalli yatsuna. Yalla, mu je."

Na kwance ledar, na riƙe abin a hannu. Zan iya ɗora wa Abba laifin duka, amma ba gaskiya ba ne. Ko da ba ya wurin, ba zan sa ba. Ni mai tsalle ce, na san inda zai zame, na kuma ga mai hoton da ya tsuguna a bayan layi, inda ba a ɗaukar fuska. Ba na son wannan, ba na son na Umma. Wanda nake so yana jikina, kuma babu wanda ya tambaye ni.

Na ce, "Ki yafe min."

Ta ajiye tawul ta fita, don ta zaci in na gan ta a fili zan biyo ta. Ta bakin ƙofa na hango ta tsaye ita kaɗai a ɓangarenmu, tana ɗaga ƙafa ɗaya tana sauke ɗaya saboda zafin yashi, hannunta na jan gefen kamfan. Maza sun cika benci, wasu na fito. Haka ta tsaya har minti goman suka cika aka busa usur.

Ta dawo ba ta yi kuka ba. Ta buɗe jakata ba ta tambaye ni ba, ta zaro shuɗiyar rigar Umma ta sa, ta ja zif har wuya. Rigar ta kai mata gwiwa.

"Khalas, an gama," in ji ta. "Ni na tuɓe a banza ke nan."

Yaya ya buga nasa bayan azahar, cinyoyi a waje, suka ci, Abba ya miƙe yana tafi. Ni da ita babu wadda aka ɗauka. Ba ta ƙara zuwa kulob ɗin ba. Sau biyu na je Arba wa Nus nemanta, ana ce min ba ta nan.

A mota muna komawa gida, Abba ya gama yabon Yaya, sannan ya waiwayo. Kabtin ya faɗa masa abin da na ƙi sawa, har ya manta da wandon mazan da ke jikina.

"Kin fitar da ni kunya," in ji shi. "Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin. Da muka hau bene Umma ta karɓi jakar za ta wanke, ta juye ta, ta ga wando babu riga. Ta tambaye ni ina rigar, na ce wadda ta fi ni buƙata ta ɗauka.