Ranar da Muka Zama Farin Allo

Mun tashi da asuba daga Hyattsville a Amurka, ni da abokaina biyu, ɗaya ɗan Maradi ɗaya ɗan Zariya, muka biya Beltsville muka ɗauki Kawuna da matarsa Hajiya. Tun da Kawu ya yi ritaya ya koma zaman gida, ba shi da aiki sai ba mu labarin yadda ya buga kurket, wasan dukan ƙwallo da sanda, a makarantar kwana. Gaskiya babu wanda ya taɓa yarda a cikinmu. To, wata ƙungiyar dattawa, 'yan Indiya da Pakistan da Jamaika, ta ce ya zo gwaji. In ya taɓuka za su ɗauke shi, in ya kasa ya koma kujerarsa ta falo.

Kawu ya ce mana a kurket fari ake sawa. Ashe 'yan wasa yake nufi. Mu kuwa muka zaro fararen manyan rigunanmu na Sallah, sun sha guga, muka kafa huluna.

Hanya fayau, abin da ban saba gani ba, ni da nake wuni ina jan tasi a cunkoson babban titin Beltway. Bayan Gaithersburg muka tsaya shan mai, na sayi kofi mai tsadar tsiya wanda ɗanɗanonsa bai kai kuɗinsa ba. Daga nan sai gonakin masara da dawakai, har muka ratse wata 'yar hanya.

Ni mai kallon ƙwallon ƙafa ne, na zaci zan ga katafaren fili. Abin da muka tarar, ciyawa ce shimfiɗe an kewaye ta da igiya, sai bencina biyu na ƙarfe, rumfa ɗaya ta 'yan wasa, bayan gida na roba, da famfon da daga baya ya yi mana amfani wajen alwala. Allon maki ma da hannu ake rataya masa lambobi.

Ɗan Maradi ya leƙa ta taga ya ce, "Wanga shi ne sitad ɗin, filin wasan? Bon, Allah shi kyauta."

Kafin hantsi bencin ya ɗau zafi kamar tanda. Muka duba ko'ina, babu inuwa sai gindin wani ƙaton farin allo mai tayoyi a ƙarshen fili. Muka ce Allah ya yi wa mai wannan tunani albarka, muka shimfiɗa tabarma rabi a gabansa, Hajiya ta jera kuloli. Can sai muka ga wasa ya tsaya, alƙali yana ɗaga mana hannu. Muka ɗaga masa. 'Yan wasa suka ɗaga, muka miƙe muka ɗaga da hannu biyu, muna cewa mutanen nan akwai karamci.

Sai ga Kawu a guje, fuska a murtuke.

"Ku tashi, don Allah! Kun kashe ni da kunya. Allon nan ba rumfa ba ne. Ƙwallon ja ne, sai da fari a bayan mai jifa ake ganinsa."

Muka kwashe tabarma sum-sum, muka koma rana.

Hutun cin abinci ne ya wanke mu. Suka fito da samosa da shinkafa mai yaji da shayin madara, mu kuma masa da dambun nama da zoɓo. Wani dattijo ɗan Jamaika ya ɗanɗana dambu, ya ja kujera ya zauna kusa da kular, bai ƙara matsawa ba.

Da yamma layi ya zo kan Kawu. Ya shiga da sandarsa, ƙafafu a naɗe da abin kariya. Matsalar ita ce mai jifa ya koma ɗaya gefen, inda iska ta karya allon can tun bara, babu komai a bayansa sai duhun itatuwa. Jifan farko ya wuce Kawu fit. Na biyu ya same shi a cinya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Tausayinsa ya kama ni, don na san yadda ya ƙwallafa rai.

Hajiya ta ce, "Ba ya gani ne. Ku da kuka sha fararen kaya kuna zaune kamar 'yan ɗaurin aure, ku tashi mana!"

Ɗan Zariya ya ruga ya nemi izinin alƙali, shi kuma ya yi dariya ya ce mu je. Muka jeru a bayan igiya, kafaɗa da kafaɗa, muka ware hannuwa, rigunan suka baje. Sharaɗi ɗaya ne, kada wanda ya motsa. Gumi na bin bayana, ƙuda ya sauka a hancina, na daure.

Mai jifa ya sheƙo ya saki. Sai muka ji ƙwas! Ƙwallon ya taho yana gangarawa a ciyawa, ya tsallake igiya a daidai ƙafata. Maki huɗu ke nan. Allo ya manta shi allo ne, muka dinga tsalle, hular ɗan Maradi ta faɗi, Hajiya ta rangaɗa guɗa har dawakan maƙwabta suka ɗago kai.

Kawu bai daɗe sosai ba aka fitar da shi, amma ya ƙara bugu masu kyau kafin nan. Da aka tashi kyaftin ya ɗora masa hular ƙungiya, sannan ya roƙe mu mu riƙa zuwa da rigunan har a gyara allon.

Mun iso gida da almuru, hannuwana ko sitiyari ba sa son riƙewa. Tafiyar ta koya mini in riƙa tambaya kafin in shimfiɗa tabarma, kuma in daina ƙaryata dattijo don kawai ban ga ƙuruciyarsa ba. Da na tsaya a ƙofar gidansu na waiwaya, Kawu ya yi barci, sandar a ƙirjinsa, sabuwar hular tana kansa. Hajiya ta ce in bar shi tukuna, ta daɗe ba ta ga ya gaji irin wannan gajiyar ba.